Tambaya da Amsa: Halin da Aikin Cikin Jirgin Sama Yake Nema

A 'yan makonnin nan wasiƙu sun taru mana a kan batu guda, wato aikin ma'aikatan da ke kula da fasinjoji a cikin jirgin sama. Mun zaɓi biyar daga ciki, mun taƙaita wasunsu saboda ƙarancin wuri, kuma mun sakaya sunayen masu su.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni budurwa ce mai shekara 20, na kammala makarantar sakandare, kuma tun ina ƙarama nake sha'awar zama ma'aikaciyar jirgin sama. Kowa yana yaba mini da fara'a da haƙuri. Sai dai ina da kunya ƙwarai, ba na iya ɗaga murya ga wanda ya girme ni, ko da na ga ya yi kuskure. Shin halina ya dace da wannan aiki?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Fara'a da haƙurin da ake yaba miki da su jari ne babba, domin da su ma'aikaciyar jirgi take aiki a mafi yawan sa'o'in da take yi a sama, kuma shimfiɗar fuska, kamar yadda aka sani, ta fi ta tabarma. Amma abin da kika ambata daga ƙarshe shi ne ya fi tsaya mini a rai, kuma a kansa zan daɗe.

Ki fara da sanin dalilin da ya sa ake sanya waɗannan ma'aikata a jirgi. Fasinja yana ganinsu suna nuna kujera, suna raba abin ci da abin sha, sai ya ɗauka hidima ce kawai ta kawo su. Doka kuwa domin ceton rai ta wajabta su. A Amurka da Tarayyar Turai ƙa'idar ita ce ma'aikaci ɗaya ga kowane kujeru 50, kuma kamfanin da ya ga dama yana iya daina raba abinci gaba ɗaya, amma ba shi da ikon tsara tafiyarsa da ma'aikatan da ba su kai wannan adadi ba. Haka nan, kafin a amince wa sabon samfurin babban jirgi ya ɗauki mutane, sai masu ƙera shi sun nuna cewa ana iya fitar da kowa daga cikinsa a daƙiƙa 90, alhali rabin ƙofofinsa a rufe suke. A watan Maris na 2006, a birnin Hambag na Jamus, an yi wa jirgin Airbus A380 wannan gwaji cikin duhu, inda aka fitar da fasinjoji 853 da ma'aikata 20 ta ƙofofi 8 daga cikin 16 a daƙiƙa 78. Ki tsaya ki ƙiyasta irin muryar da ake buƙata kafin mutum sama da ɗari su fita ta ƙofa guda cikin minti ɗaya da 'yan daƙiƙu, wasunsu suna tsoron tsalle, wasu suna neman komawa baya.

An taɓa auna wannan al'amari a ilmance. Bayan gobarar da ta tashi a wani jirgi a filin jirgin saman Manchesta ranar 22 ga Agusta, 1985, wadda ta yi sanadin rasuwar mutum 55, yawancinsu saboda shaƙar hayaƙi kafin su kai ga ƙofa, Farfesa Helen Muir ta Jami'ar Cranfield a Ingila ta shafe shekaru tana gwaje-gwajen fitar da mutane daga jirgi. Ɗaya daga cikin abubuwan da ta tabbatar shi ne cewa mutane sun fi fita da sauri idan ma'aikatan suna ba da umarni da ƙarfi, a taƙaice, har suna tura mai jinkiri da hannu, fiye da idan suna roƙo cikin taushin murya. Saboda haka ne a makarantar horo za a tsayar da ke gaban ƙofa a ce ki daka tsawa: «Ku kwance ɗamara! Ku bar kaya! Ku zo nan! Tsalle!» Kuma za a yi ta maimaita miki har sai muryarki ta cika ɗakin.

An ga amfanin wannan horo ranar 2 ga Janairu, 2024, a filin jirgin Haneda da ke Tokiyo, lokacin da jirgin Japan Airlines ya yi karo da wani ƙaramin jirgi na masu tsaron gaɓar teku yayin sauka, ya kama da wuta. Mutum 379 ne a cikinsa, kuma dukansu sun fita da rai, ko da yake biyar daga cikin mutum shida na ƙaramin jirgin sun rasu. Na'urar magana ta cikin jirgin ta daina aiki, don haka ma'aikatan suka koma ga amsa-kuwwar hannu da muryoyinsu. Kowannensu ya leƙa waje ta ƙofarsa ya duba ko akwai wuta, suka bar biyar a rufe, suka buɗe uku kacal, kuma ƙofar baya an buɗe ta ne bisa shawarar ma'aikatan da ke wurin, tun da babu hanyar jin ta bakin kyaftin. Wannan shi ne halin da ake nema: mutum ya natsu ya duba, ya yanke shawara shi kaɗai idan ta kama, sannan ya sa jama'a su bi.

Sai ɗaya ɓangaren tambayarki, wato yi wa na gaba magana, kuma shi ya fi nauyi. Ranar 8 ga Janairu, 1989, wani jirgi samfurin Boeing 737 ya tashi daga Landan zuwa Belfast, injinsa na hagu ya sami matsala, amma matuƙan suka yi kuskure suka kashe na dama, wanda lafiyarsa ƙalau. Wasu fasinjoji da ma'aikata uku da ke cikin jirgin sun ga wuta tana fita daga injin hagu, sai dai labarin bai kai ɗakin matuƙa ba. Jirgin ya faɗi kusa da ƙauyen Kegworth, mutum 47 suka rasu. Wata biyu bayan haka, a garin Dryden na Kanada, wata ma'aikaciya ta ga dusar ƙanƙara ta taru a kan fikafikan jirgi kafin tashi, hankalinta bai kwanta ba, amma ta ɗauka matuƙa sun fi ta sani, ba ta je ta faɗa musu ba. Jirgin ya faɗi jim kaɗan da tashi, mutum 24 suka rasu. Ba na kawo waɗannan domin ɗora laifi a kan ma'aikatan, domin tsarin wancan zamani ne ya koya musu cewa abin da ya shafi tuƙi ba huruminsu ba ne. Waɗannan haɗurra suna cikin abubuwan da suka sa aka sauya tsarin, har ya zama a yau ana haɗa matuƙa da ma'aikatan cikin jirgi a darussan aiki tare, ana koya wa ƙaramar ma'aikaciya cewa wajibi ne ta sanar da duk wani wari, ko ƙara, ko hayaƙi da ba ta gane ba, ana kuma koya wa kyaftin cewa wajibi ne ya saurara.

Saboda haka amsata gare ki ita ce: kunya ba ta hana ki wannan aiki, matuƙar kin yarda ki raba ta da shiru. Ladabi yana nan a yadda kike zaɓen kalmomi, kuma babu wanda zai ce ki zubar da shi. Abin da za ki koya shi ne faɗin abin da kika gani, da inda kika gan shi, da lokacin da ya fara, a jimla biyu ko uku, ba tare da kewaye-kewaye ba, sannan ki maimaita idan kika lura ba a ji ki ba. Ki fara gwada kanki tun yanzu: ki nemi damar yin magana gaban taro, ki riƙa karatu da ƙarfi, ki saba da duban wanda kike yi wa magana. A ranar tantancewa kamfanoni da yawa suna tara masu neman aiki rukuni-rukuni su ba su wata matsala su warware tare, kuma masu lura suna duba wadda take saurare sannan ta faɗi nata ra'ayi. Wadda ta danne kowa da surutu ba ta cika tsallakewa ba, haka ma wadda aka tashi ba a ji muryarta ba.

Tambaya: Ni saurayi ne, kuma abokaina suna cewa wannan aikin mata ne, kuma sai dogaye kyawawa ake ɗauka. Mene ne gaskiyar lamarin, kuma waɗanne sharuɗɗa ake gindayawa?

Amsa: Ɗan'uwa, tarihi bai goyi bayan abokanka ba. Mutumin da ake lissafawa a matsayin ma'aikacin cikin jirgi na farko a duniya namiji ne, Bajamushe mai suna Heinrich Kubis, wanda ya fara aiki a 1912 a cikin manyan jiragen balan-balan na Zeppelin. Mata sun shigo ne a 1930, lokacin da Ellen Church, wadda ma'aikaciyar jinya ce kuma ta iya tuƙa jirgi, ta shawo kan kamfanin Boeing Air Transport cewa ganin ma'aikatan jinya a jirgi zai kwantar wa mutane hankali, a zamanin da ake tsoron tafiya ta sama. Ita da abokan aikinta bakwai na farko duk ma'aikatan jinya ne. Daga baya ne kamfanoni suka mai da aikin abin talla, suka riƙa gindaya sharuɗɗan shekaru da nauyin jiki da rashin aure, har wasu suka daina ɗaukar maza, sai da wata kotun ɗaukaka ƙara a Amurka ta yanke hukunci a 1971 cewa ƙin ɗaukar namiji saboda shi namiji ne ya saɓa wa doka. A yau maza suna wannan aiki a kusan dukkan manyan kamfanoni, kuma da yawansu su ne shugabannin ma'aikata a jiragen da suke ciki.

Maganar tsawo tana da asali, amma dalilinta na aiki ne. Kayan gaggawa kamar tulun iskar shaƙa da na kashe gobara sukan kasance a ma'ajiyar da ke saman kujeru, don haka wasu kamfanoni, irin su Emirates da Qatar Airways, suka shahara da sharaɗin cewa mai neman aiki ya iya miƙa hannu ya taɓa santimita 212 yana tsaye a kan yatsun ƙafa. Ƙarancin shekaru a dokar Turai 18 ne, wasu kamfanoni kuma ba sa ɗaukar wanda bai kai 21 ba. Galibi ana neman takardar kammala sakandare, da shaidar lafiya daga likita, da fasfo, da tsabtataccen tarihi ta fuskar laifi, da iya iyo, domin akwai darasin ceto a ruwa wanda ake yin sa cikin ruwa na gaske. Tsabta da kintsi sharaɗi ne ga kowa, kuma kamfanoni da yawa ba sa yarda da zanen jiki da ke fitowa fili idan an sa kayan aiki.

Abin da na fi so ka ba wa ƙarfi shi ne harshe. Ingilishi shi ne harshen da sufurin sama na ƙasa da ƙasa yake gudana da shi, da shi ake rubuta yawancin littattafan aiki, da shi kuma ake jarrabawa a kamfanoni masu yawa. Duk wani harshe da ka ƙara a kansa, Larabci ko Faransanci ko wanin su, daraja ce a gare ka, kuma harshenka na gado ma yana cikin lissafi, domin tsohuwar da ta firgita a sama ba abin da ke kwantar mata da hankali kamar ta ji an yi mata magana da harshen da take mafarki da shi.

Tambaya: Me ake koyarwa a lokacin horo, kuma yana da wuya? Ni ban taɓa yin karatun kimiyya ko na jinya ba.

Amsa: 'Yar'uwa, ba a buƙatar ki zo da ilmin jinya, a can za a ba ki abin da ya wajaba. Horon farko yakan ɗauki makonni huɗu zuwa takwas, gwargwadon kamfani, kuma wuyarsa tana cikin yawan abin da ake haddacewa a ɗan lokaci da kuma yawan makin da ake nema kafin a ce an ci jarrabawa. Bayan haka akwai horo na musamman a kan kowane samfurin jirgi da za ki yi aiki a cikinsa, tun da ƙofar wannan ba irin ta wancan ba ce, sannan kowace shekara sai an sake gwada ki muddin kina aikin.

Wuta ita ce babbar abokiyar gaba, domin a sama babu 'yan kwana-kwana, ma'aikatan su ne masu kashe ta. Za a koya miki gane wutar lantarki da ta mai da ta takarda, da shiga ɗaki mai hayaƙi sanye da hular numfashi, da taɓa bango da bayan hannu domin gano inda wuta take ci a ɓoye. Batirin waya da na kwamfuta sun ƙaro sabon babi, domin idan irin wannan batiri ya kama, kashe harshen wutar bai wadatar ba, sai an ci gaba da sanyaya shi da ruwa don kada ya sake tashi. Dokokin da kike gani a jirgi yawanci daga hasarar rayuka aka koyo su. Bayan gobarar da ta faro daga wajen bayin wani jirgin Air Canada a watan Yuni na 1983, wadda ta kashe fasinjoji 23 bayan an sauka a Cincinnati, aka wajabta na'urar gano hayaƙi a bayi da fitilun ƙasa masu nuna hanyar fita. Ko da aka hana shan taba a jirgi, an bar wurin kashe guntun taba a jikin ƙofar bayi, domin idan wani ya karya doka ya sha, gara ya sami inda zai kashe ta da ya jefa ta cikin kwandon takardu.

Sai batun iska. Jirgi yana tafiya a tsayin ƙafa 35,000 ko fiye, amma ana matsa iskar cikinsa ta zama kamar ta tsaunin da bai wuce ƙafa 8,000 ba. Idan wannan matsi ya zube farat ɗaya, mutum yana da kimanin daƙiƙa 30 zuwa 60 kafin tunaninsa ya rikice, shi ya sa ake cewa kowa ya fara sanya abin shaƙar iskarsa kafin ya taimaki wani, kuma wannan umarni ya haɗa da ke. A fannin lafiya kuma za ki koyi farfaɗo da wanda zuciyarsa ta tsaya, da amfani da na'urar girgiza zuciya, da taimakon wanda ya shaƙe, da mai farfaɗiya, da mai naƙuda. Wani bincike da aka buga a mujallar likitoci ta New England a 2013 ya nuna ana samun larurar gaggawa ta rashin lafiya sau ɗaya a cikin tashin jirage kimanin 604, kuma suma ko jiri shi ne ya fi yawa, fiye da kashi ɗaya cikin uku. Wanda yake tashi kusan kullum, lalle wata rana zai gamu da ita.

Akwai wata ƙwarewa da ba ta cika fitowa a takardar jarrabawa ba, amma a ganina ita ce ke bambanta gwani da ɗan koyo, wato lura. Gaisuwar da ake yi wa fasinjoji a bakin ƙofa tantancewa ce: wane ne ya sha ya bugu, wace ce ba ta da lafiya tana ɓoyewa, wane yaro ne yake tafiya shi kaɗai, wane mai ƙarfi ne za a iya neman taimakonsa idan ta ɓaci. Labarin zuciya a tambayi fuska, kuma ma'aikaciya tana da daƙiƙa biyu ko uku ne kacal ga kowace fuska. Haka nan duk lokacin tashi da sauka, sa'ad da kika ga ma'aikata sun zauna a kujerunsu sun yi tsit, bita suke yi a zuci: wace ƙofa ce tawa, yaya ake buɗe ta, wane umarni zan bayar, ina kayan gaggawa suke, a kan ƙasa za mu bi ko a kan ruwa. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma wanda ba ya jure maimaita abu ɗaya sau dubu ba tare da ya fara yin sa da ka ba, zai sha wuya a wannan sana'a.

Tambaya: Ina aiki a wurin karɓar baƙi, kuma matsalata ita ce saurin fushi idan aka wulaƙanta ni. Yaya ma'aikatan jirgi suke jure cin mutunci? Ko dole ne mutum ya haɗiye komai?

Amsa: Malam, na ji daɗin yadda ka faɗi aibinka da bakinka, kuma zan ba ka amsa ba tare da ɓoye-ɓoye ba: idan ba ka shawo kan wannan hali ba, kada ka shiga. A ƙasa kana iya fita ka sha iska ko ka kira wani ya karɓe ka, a sama kuwa kai da wanda ya zage ka kuna rufe a wuri ɗaya har sa'a goma, kuma sai ka dawo ka tsaya a kansa ka tambaye shi abin da yake buƙata. Wata masaniyar halayyar zamantakewa a Amurka, Arlie Hochschild, ta yi nazarin ma'aikatan jirgi a farkon shekarun 1980, ta nuna cewa sarrafa fuska da zuciya domin kwantar wa wasu hankali aiki ne mai zaman kansa, kuma yana gajiyarwa kamar yadda ɗaukar kaya yake gajiyarwa.

Abin da ke taimaka wa ƙwararru shi ne fahimtar inda fushin fasinja yake fitowa. Wani tsoron jirgi yake yi yana jin nauyin faɗa, wani ya kwana a filin jirgi, wani gawa zai je tarar, kuma kai ne fuskar kamfanin da ta fi kusa da shi. Ana koya musu su rage murya idan ya ɗaga tasa, su durƙusa daidai da shi maimakon su tsaya masa a kai, su bar shi ya gama, su faɗi abin da za su iya yi masa, su kuma guji alkawarin da ba za su cika ba. Idan abin ya ƙi, abokin aiki yakan karɓa, domin sau da yawa sauyin fuska kaɗai yana kashe rigima.

Amma haƙuri yana da iyaka, kuma doka ce ta shata ta. Wanda ya ƙi ɗaura ɗamara, ko ya sha taba a bayi, ko ya ɗaga wa ma'aikaci hannu, ya fita daga batun hidima ya shiga batun tsaro. Yarjejeniyar Tokiyo ta 1963 ta ba kyaftin ikon ɗaukar matakin da ya dace a kan irin wannan mutum, har da ɗaure shi da sauke shi a miƙa wa hukuma, kuma ƙarin da aka yi mata a Montreal a 2014 ya faɗaɗa ikon ƙasar da jirgin ya sauka na gurfanar da shi. Ma'aikaci yana yafe abin da ya taɓa shi shi kaɗai gwargwadon iyawarsa, amma ba shi da hurumin yafe abin da ya taɓa lafiyar sauran mutanen da ke cikin jirgin.

Tambaya: Ni uba ne, 'yata ta nace sai wannan aiki. Ba na so in tauye ta, amma ina tsoron haɗari da kuma irin rayuwar da za ta yi nesa da gida. Ku ba ni shawara.

Amsa: Baba, Allah ya saka muku da alheri da kuka tsaya neman bayani kafin ku yanke hukunci. Ta fuskar haɗari, tafiya a jirgin fasinja tana cikin hanyoyin sufuri mafi aminci da ɗan Adam ya mallaka, kuma akasarin ma'aikata suna gama aikinsu har su yi ritaya ba su taɓa fitar da fasinjoji cikin gaggawa ba. Abin da ya fi raunata su shi ne gargadar iska, domin su ne a tsaye lokacin da kowa yake zaune a ɗaure, sai ciwon baya da na kafaɗa daga tura keken abinci da ɗaga kaya, da ciwon kunne idan aka tashi da mura.

Nauyin da ya fi wannan shi ne gajiya. Za ta riƙa tashi aiki da tsakar dare, ta ƙetare ƙasashen da agogonsu ya sha bamban, jikinta yana cewa dare ne alhali rana tana tsaka, ga iskar cikin jirgi busasshiya ƙwarai. Dokoki sun ƙayyade sa'o'in aiki da na hutu, misali a Amurka tun 2022 wajibi ne a ba ma'aikaci hutun sa'a 10 a jere tsakanin aiki da aiki, amma doka ba ta iya sa mutum barci, sai shi ya horar da kansa. Sabuwar ma'aikaciya kuma takan yi watanni ko shekaru a jerin masu jiran kira, inda za a iya neman ta cikin ɗan ƙanƙanen lokaci, kuma ba ita ke zaɓen ranakun hutunta ba, don haka za a yi bukukuwa da taruka na dangi ba ta nan. Kusan kowace tafiya da sababbin abokan aiki za ta yi ta, ta kwana a masauki ita kaɗai a garin da ba ta san kowa ba. Wannan rayuwa tana buƙatar mai kamun kai, mai kiyaye lokaci, wadda ba sai an tsaya a kanta take yin abin da ya dace ba, kuma ku da kuka raine ta kun fi kowa sanin ko haka take.

Shawarata ita ce ku zauna da ita ku tambaye ta abin da ya ja hankalinta. Idan amsarta ta tsaya ga kayan aiki masu kyau da ganin ƙasashe, ku karanta mata abin da muka faɗa a sama game da wuta da hayaƙi da tsawa a bakin ƙofa, ku ga ko sha'awar tana nan. Idan tana nan, ku taimaka mata ta nemi aikin ta hanyar da ta dace. Kamfanonin jiragen sama suna sanar da gurabensu a shafukansu na intanet, kuma duk wanda ya ce a tura kuɗi asusunsa domin ya samar mata gurbi, ku nisance shi. Idan makarantar horo za ta shiga da kanta, ku tabbatar hukumar kula da sufurin sama ta ƙasar ta amince da makarantar, ku kuma sani cewa takardar makaranta ba alkawarin aiki ba ce. In an kai ga ba ta takardar ɗaukar aiki, ku karanta ta tare kafin ta sa hannu, ku duba garin da za a ajiye ta, da wanda zai ɗauki nauyin masauki da inshorar lafiya, da yadda ake lissafa albashi tsakanin na wata da na sa'o'in tashi, da kuma abin da za a ce ta biya na kuɗin horo idan ta bar aikin kafin wa'adin da aka yanka.